Shekara Tara Ana Artabu: Yaƙin Turawa a Ƙasar Hausa da Matsayin Katsina, 1897 zuwa 1906



Duk wanda ya zauna a aji a ƙasar nan an koya masa cewa Turawan Ingila sun ci Kano ran 3 ga Fabrairu, 1903, suka ci Sakkwato ran 15 ga Maris, daga nan aka shiga mulkin mallaka. Tsakanin ranakun nan biyu kwana 40 ne cif. Yadda ake faɗin labarin, sai mai sauraro ya zaci cikin kwanakin nan aka fara yaƙin aka gama. Alhali kuwa tun cikin 1897 aka fara harba igwa a Bidda, ba a kuwa daina ba sai cikin 1906, bayan an ƙone Satiru an ci Haɗeja. Shekara tara ke nan. Abin da nake so mu duba yau shi ne: me ya sa manyan birane suka faɗi cikin 'yan sa'o'i, amma ƙananan garuruwa irin su Burmi da Satiru suka fi ba Turawa wahala? Kuma ina Katsina ta tsaya a cikin wannan al'amari, ita da ba a harba ko harsashi ɗaya a ƙofarta ba?

Ƙasar da Turawa Suka Tarar

Kafin mu kai ga Turawa, ya kamata mu san irin yaƙin da kakanninmu suka saba da shi, domin da shi ne suka fita tarar baƙon. Tun da masu jihadi suka karɓi birnin Katsina wajen 1807, tsofaffin sarakunan suka ja arewa, daga baya suka kafa Maraɗi. Daga nan har ƙarshen ƙarnin ba a sami zaman lafiya mai ɗorewa ba tsakanin sassan biyu. An yi babban karo a Gawakuke cikin 1836, inda rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta karya Gobirawa da mutanen Maraɗi, amma wannan bai hana hari ba. A zamanin Ɗan Baskore mahaya kan ratso dajin yamma, ta wajen Ruma, su faɗa wa garuruwan tsakiyar Katsina, su kwashi bayi da dabbobi su koma.

Yankin nan da muke zaune yana bakin wannan hanya. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, da ya taso daga Katsina za shi Sakkwato cikin 1853, ya biyo ta Kuraye da Kurfi, ya kuwa tsaya ya bayyana irin tsaron da ya gani a Kurfi, watau ganuwa da ramuka jere a gabanta, ga kuma duwatsu. Mutanen da suka haƙa ramukan nan sun san abin da suke yi. Maƙiyinsu a kan doki yake zuwa, da mashi da takobi, ba ya kuwa iya zama wata guda yana kewaye da gari. In ka tsare dokinsa a bakin rami, ka sa masu baka a bisa ganuwa, ka tsira. Dukan dabarun yaƙin ƙasar Hausa a kan abubuwa uku suka tsaya: doki, da kibiya mai dafi, da ganuwa.

Sa'an nan akwai rashin jituwa a cikin gida. Basasar Kano ta 1893 zuwa 1895 ta ƙare ne a ƙasar Katsina, gama a Tafashiya aka kashe Sarkin Kano Tukur, abin kuwa ya bar tabo tsakanin masarautun biyu. Daular Usmaniyya ba ta da runduna guda ta kullum. Kowane sarki da dakarunsa, kowa kuma yana fama da nasa maƙwabcin. Daga arewa ga Faransawa: cikin 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ƙone Birnin Ƙonni, a shekarar kuma Damagaram ta faɗi. Daga gabas an kashe Rabe cikin 1900. Ƙasa tana cikin wannan hali Turawan Ingila suka taso daga kudu.

Daga Bidda Zuwa Kano

Ba gwamnatin Ingila ta fara yaƙin ba, kamfanin ciniki ne, watau Kamfanin Neja na George Goldie. Cikin Janairu 1897 ya tura soja kamar 500 suka ci Bidda, a watan Fabrairu suka ci Ilori. A Bidda aka fara ganin dabarar da Turawa suka yi ta maimaitawa. Sojan kan tsaya sahu-sahu su yi murabba'i, fuska huɗu, 'yan dako da kaya a tsakiya, bindiga mai ruwa a kusurwa, igwa tana harbi daga ciki. Barade na iya sukuwa daga kowace fuska, amma kafin su kai inda mashi zai yi aiki sai sun ratsa filin da harsashi ke zuba ɗaruruwa cikin minti guda. Irin wannan ne ya faru a Omdurman ta ƙasar Sudan cikin 1898, inda mabiyan Mahadi fiye da 10,000 suka kwanta cikin safiya guda.

Ran 1 ga Janairu, 1900, Frederick Lugard, wanda mutanenmu ke kira Gwamna Lugga, ya kafa tutar Ingila a Lakwaja ya ce Arewa ta shiga hannunsu. A lokacin, magana ce kawai a takarda. Sai ya shiga bin masarautu ɗaya bayan ɗaya: Kwantagora da Bidda da Yola cikin 1901, Bauci da Zazzau cikin 1902. Ba a taɓa samun masarautu biyu sun haɗa runduna sun tare shi ba. Ya kamata kuma mu faɗi wani abu mai ɗaci, cewa hafsoshi kaɗai ne Turawa. Masu riƙe da bindigogin galibinsu Hausawa ne da Yarbawa da aka ɗauka aikin soja.

Cikin Oktoba 1902 Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney, ya gudu Kano, Sarki Alu ya karɓe shi da girmamawa. Lugga ya sami hujja. Akwai kuma wani dalilin da ya sa shi gaggawa: ana shirin shata iyaka tsakanin Ingila da Faransa, ba shi kuwa yiwuwa ya ce ƙasa tasa ce alhali jami'ansa ba su iya ratsa ta. A ƙarshen Janairu 1903 Kanar Morland ya taso daga Zariya da soja 700 da 'yan kai, da igwa huɗu da bindiga mai ruwa huɗu. Ya fasa Bebeji a hanya, ran 3 ga Fabrairu ya tsaya gaban ganuwar Kano, wadda kewayenta ya kai wajen mil 11. Igwa ba ta iya rushe ginin ba saboda kaurinsa, sai aka juya ta kan ƙofa. Da aka fasa Ƙofar Kabuga soja suka kutsa. Sarki Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato yi wa sabon Sarkin Musulmi mubaya'a da yawancin baradensa. Sarkin Shanu Muhammadu, wanda aka bar wa gari, ya yi yaƙi a gidan sarki har ya faɗi. Ganuwar da aka yi ƙarnuka ana ginawa ba ta tsare birnin ko na wuni guda ba.

Rundunar Kano tana kan hanyar komowa labari ya iske ta. Sarki Alu ya sulale cikin dare ya nufi arewa, inda daga baya aka kama shi. Waziri Ahmadu ya ce shi sai ya yi yaƙi. A kusa da Kwatarkwashi, ƙarshen Fabrairu, ya yi karo da 'yan sintirin Turawa, mahaya da ba su kai 50 ba. Baraden Kano suka yi ta kai sukuwa a kan ɗan murabba'in nan, ba su fasa shi ba, Waziri kuwa ya rasu a wurin. Wambai Abbas ya ja sauran jama'a ya koma Kano ya yi mubaya'a, aka naɗa shi sarki. Cikin 'yan kwanaki, 'yan gida ɗaya sun bi hanya uku: ɗaya ya fita, ɗaya ya mutu a fagen fama, ɗaya ya yi sulhu. Hanyoyin nan uku su ne ke gaban kowane mai mulki a ƙasar nan a wannan shekara.

Sakkwato da Katsina

A Sakkwato ma an yi muhawara. Wasu suka ce a yi hijira, wasu suka ce a yi yaƙi, wasu suka ce a nemi sulhu. Sarkin Musulmi Attahiru ɗan Ahmadu bai cika wata shida bisa gado ba. Ran 15 ga Maris aka ja daga a Giginya, bayan gari, a fili, watau daidai inda bindiga mai ruwa ta fi son a same ta. Kafin rana ta take an watse. 'Yan tsirarun da ke riƙe da tuta ne suka tsaya har aka harbe su a gindinta. Sarkin Musulmi ya ja gabas. Waziri Buhari, bayan ya nemi fatawar malamai, ya komo gari ya yi sulhu, bisa hujjar cewa in manya duka suka tafi, ba mai tsaya wa talakawan da ba su iya tafiya, kuma Turawa sun yi alkawari ba za su hana salla ba. Daga baya ya rubuta wasiƙa ga ma'abota ilmi yana bayyana dalilansa, abin da ke nuna cewa al'amarin bai daina damun zuciyarsa ba. Ran 21 ga Maris aka naɗa Attahiru na biyu.

Daga Sakkwato Lugga ya nufo Katsina da 'yan rakiya kaɗan, ya iso a ƙarshen Maris. Sarkin Katsina Abubakar ya fita ya tarye shi, aka shigo da shi ta Ƙofar 'Yanɗaka, ƙofar da ke ɗauke da sunan sarautar hakimin wannan gari namu na Dutsin-Ma. Ba a yi yaƙi ba.

Sau da yawa ɗalibai kan tambaye ni ko wannan ragwanci ne. Mu sa kanmu a matsayin Sarki Abubakar. Kano, wadda ta fi Katsina jama'a da dawaki, ta faɗi. Sakkwato, wadda ke ba shi izinin sarauta, ta faɗi, Wazirinta ya yi sulhu, an naɗa sabon Sarkin Musulmi. A arewa ga Maraɗi, a bayan Maraɗi ga Faransawa, labarin abin da suka yi a Birnin Ƙonni kuwa bai tsufa ba. In ya ja daga, da wa zai haɗa kai? In ya sha kashi, wa zai hana a ba 'yan Maraɗi gadon kakanninsu? Sulhun nan ya tsare birni daga wuta, ya tsare rayuka masu yawa.

Amma sulhu ma yana da nasa kuɗin, Katsina kuwa ta biya. Mubaya'ar baki ba ta kai zuci ba. Turawa suka yi ta kukan cewa fada tana jan ƙafa wajen ba su abinci da ma'aikata, tana ɓoye musu al'amura. Cikin 1904 suka tuɓe Abubakar suka kai shi Ilori. Suka naɗa Yero, shi ma bai gamsar da su ba, suka tuɓe shi cikin 1906. Wanda ya riƙa biyan bukatun barikin tun farko shi ne Durɓi Muhammadu Dikko, shi kuwa Razdan Palmer ya tsaya wa har aka ba shi sarauta. Da haka mulki ya bar gidan Ummarun Dallaje, wanda ya riƙe shi shekara 100, ya koma gidan Sulluɓawa. Dikko ya yi sarauta har 1944. Abin da igwa ta yi a Kano cikin wuni guda, alƙalami ya yi shi a Katsina cikin shekara uku.

Burmi

Mu koma ga Sarkin Musulmi Attahiru na farko. Turawa sun ɗauka wanda ya rasa birninsa ya gama. Sai ga shi yana ratsa ƙasa yana kiran jama'a zuwa hijira gabas, mutane kuwa suna barin gonakinsu gab da damina suna bin sa dubbai, da mata da yara da dabbobi. Wannan ya tayar wa Turawa da hankali fiye da baraden Kano, gama ƙasar da ba mutane ba ta biyan haraji. Suka watsa ƙananan rundunoni suna bin sawunsa.

A Burmi, kusa da kogin Gongola a ƙasar Gombe, aka yi karo biyu. Ran 13 ga Mayu, 1903, Kyaftin Sword ya kai wa garin hari, aka yi wuni ana ɗauki ba daɗi, ya kasa shiga, ya janye cikin dare da raunana da yawa ya nufi Bauci. Ran 27 ga Yuli Manjo Marsh ya komo da runduna mafi girma. Wannan karon ma ba a gudu ba. An yi yaƙi a bakin ganuwa, aka yi a cikin gari, gida-gida, har faɗuwar rana. Marsh kansa kibiya mai dafi ta kashe shi. Sarkin Musulmi ya yi shahada tare da mutane fiye da 600, cikinsu har da Magajin Keffi. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran suka ci gaba, har suka zauna a bakin kogin Nilu a Sudan, inda garin Mai Wurno yake har yanzu.

Me ya bambanta Burmi da Kano? Makaman ɗaya ne, ganuwar Burmi kuwa ba ta kama ƙafar ta Kano ba. Bambancin yana ga mutanen. Wanda ya tsaya a Kano yana da gida da gona da zai koma in an yi sulhu. Wanda ya kai Burmi ya riga ya rabu da waɗannan duka, da zaɓin kansa ya zo.

Satiru

Shekara biyu da rabi bayan Burmi, Turawa suna ganin ƙasa ta kwanta. Satiru ƙauye ne kamar mil 14 kudu da Sakkwato, mazaunansa talakawa ne da almajirai da bayin da suka gudo daga gandayen manya. Tun 1904 ake maganar Mahadi a garin. A farkon 1906 wani malami makaho, Shu'aibu, wanda aka fi sani da Ɗan Makaho, ya ƙetaro daga ƙasar Faransawa bayan an karya tawayen da ya tayar a yankin Dosso, ya haɗu da Malam Isa, shugaban garin.

Ran 14 ga Fabrairu, 1906, muƙaddashin Razdan Hillary ya tafi Satiru da soja mahaya don ya kama shugabannin. Satirawa suka fito da gatura da fartanya da baka. Sojan ba su gama tsayar da murabba'insu ba, bindiga mai ruwa ba ta kai ga harbi ba, dawaki suka firgita, sahu ya karye. Aka kashe Hillary da mataimakinsa Scott da Laftana Blackwood da soja 25, aka ƙwace bindigar. Abin da baraden Kano da na Sakkwato suka kasa, manoma suka yi shi cikin 'yan mintoci.

A makonnin da suka biyo baya mulkin Turawa a Arewa ya rataya da zare. Yawancin sojansu suna can ƙasar Tibi, a bakin Binuwai. Da Sarkin Musulmi ya ɗaga hannu, da wuya a ce ga inda abin zai tsaya. Amma Attahiru na biyu da manyan Sakkwato suka tsaya tare da Turawa, gama tawayen bayi da talakawa yana barazana ga fada kamar yadda yake yi ga bariki. Ran 10 ga Maris Manjo Goodwin ya iso da soja fiye da 500. Satirawa suka sake kai sukuwa a ƙasa, wannan karon kuwa murabba'in a shirye yake. An kashe wajen mutum 2,000, aka kwashe mata da yara, aka baje garin, Sarkin Musulmi ya la'anci duk wanda zai sake gini a wurin. Kisan ya yi muni har ya jawo tambayoyi a London.

Daga nan Turawa suka bi waɗanda suke zargi. Aka tuɓe Sarkin Gwandu. Cikin Afrilu aka kai wa Haɗeja yaƙi, Sarki Muhammadu ya faɗi yana kare gidansa, shi ya sa ake ce masa Mai Shahada. Tuɓe Yero a Katsina ma cikin wannan guguwa ya zo. Satiru ce ta tabbatar wa Turawa cewa tsaronsu yana hannun sarakuna, a kan wannan kuwa suka gina mulkin En'e da ya kai mu har 1960.

Abin Lura

Mun ga a zamaninmu yadda Amurka ta ci Kabul cikin 2001 a 'yan makonni, ta yi shekara 20 tana yaƙi, ta fita cikin 2021 ba ta kwantar da ƙasar ba. Lugga da soja 'yan dubbai ya riƙe ƙasar da ta fi Ingila girma nesa ba kusa ba. Bindiga ce ta buɗe masa ƙofa, amma abin da ya zaunar da shi shi ne ya sami alƙalai da hakimai da masu karɓar haraji da suka ci gaba da aiki a ƙarƙashinsa. Ku ma'aikata, ku lura da wannan: kowace gwamnati, ta adalci ko ta zalunci, da hannun irinku take tsayawa. Tambayar da ta hana Waziri Buhari barci, watau ko zama cikin aiki yana kare talaka ne ko yana ƙarfafa azzalumi, ba ta mutu tare da shi ba.

Ku ɗalibai kuma, dajin da mahayan Maraɗi suka riƙa ratsowa shi ne dajin Rugu da a 'yan shekarun nan ya hana mutanen Safana da Batsari da Kurfi da Dutsin-Ma barci. Ɓarayin daji ba Satirawa ba ne, kada wani ya haɗa su. Waɗancan sun mutu a kan aƙida, waɗannan kuwa a kan dukiyar mutane suke kisa. Amma tarihin nan ya nuna cewa runduna tana iya cin fage da safe, ƙasa kuwa ba ta kwanciya sai mutumin ƙauye ya ga akwai hukumar da za ta ji kukansa ta kuma tsare gonarsa.

Aiki na gabanku. Yawancin abin da muka sani game da yaƙe-yaƙen nan daga rahoton hafsoshin da suka ci nasara ya fito. Masana irin su Adeleye da Yusufu Bala Usman sun share hanya wajen duba tarihin daga ɓangarenmu. Sauran labarin yana bakin dattawa, da cikin takardun ajami da ke gafakar malamai, da kufan ganuwa irin ta Kurfi da ruwan sama ke ci kowace damina. Ku je ku tambaya, ku auna, ku rubuta, tun ana samun wanda ya ji daga bakin kakansa.

 Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya.